Inna Sikeli da Ƙofofin Hawa na Biyar

Shekara talatin da shida ke nan Inna Sikeli tana riga kowa isowa asibitin unguwa. Da tsintsiya ta fara aikin, tana share ɗakin jira. Wata rana mai auna jarirai ba ta zo ba, layi ya kai bakin titi, sai ta jingine tsintsiyar, ta wanke hannu, ta ɗora jaririn farko a kan sikeli. Tun daga ranar ba ta koma shara ba, sunanta na gaskiya kuma ya ɓace a bakin mutane. Da ta shiga ajin manya ta iya rubutu, sai aka ƙara mata da na'urar auna jini. Waɗanda ta auna suna jarirai su ne yanzu suke kawo mata nasu. Hatta Likitar da ke riƙe da asibitin ta taɓa kwanciya a kan sikelin nan, kuma Inna ba ta bari ta manta.

Wata Litinin Likitar ta leƙo da takarda a hannu.

"Inna, unguwarmu ce ta zo ta ɗaya a ƙidayar lafiya. Duk garin nan babu waɗanda suka fi mu."

Inna ta tafa, har jaririn da ke kan sikeli ya zabura. "Kai, madalla! To me ya sa fuskarki take kamar an ba ki magani mai ɗaci, 'yar kilo biyu da rabi?"

"Sun ce tunda mun fi kowa lafiya, nas ɗin da ke zagaya gidaje ranar Talata za a mayar da ita wata unguwa. Nan da kwana goma sha huɗu jami'in ƙididdiga zai zo a rufe maganar."

Murnar Inna ta koma ciki. Baba Tela ne ya faɗo mata a rai, tsohon da ya ɗinka mata rigar aikinta ta farko. Yana hawa na biyar a ɗaya daga cikin benaye shida na unguwar, da gyambo a ƙafa, kuma nas ɗin nan ce kaɗai take hawa ta wanke masa. Idan aka ɗauke ta, ƙafar ce za a rasa.

Ta karɓi takardar ta tafi da ita gida. Da la'asar tana zaune a bakin ƙofa tana bin layukan da yatsa, maigidanta, tsohon direban bas, yana gefe yana fama da wata rediyo da ta ƙi magana.

"Baban yara, saurari nan. An ce a kowane bene masu ƙidaya sun shiga gida ashirin. An ce kuma tsofaffinmu ba sa yawan zuwa asibiti, wai alamar ƙoshin lafiya ce."

"Gida ashirin? Ai sun yi ƙoƙari. Shi ya sa kafin azahar nake ganinsu a gindin bishiya suna fifita da fom."

"Kafin azahar?"

"Ƙwarai. Ni ma da nake tuƙi, in mota ta cika a tashar farko, mutanen tasha ta biyar sai dai su ga wucewata."

Inna ta shiga lissafi a ranta. Kowane hawa ƙofa goma ne. An ce wa masu ƙidaya su cike gida ashirin, suka fara daga ƙasa kamar yadda kowa zai yi, suna gama hawa na biyu aiki ya cika. A ƙasan nan kuwa matasa ne da 'yan yaransu. Waɗanda suka fara shiga benayen shekaru arba'in da suka wuce sama suka zaɓa saboda iska, a lokacin da gwiwa take gwiwa. Babu lif, wato na'urar hawa bene, kuma yanzu sun tsufa a can.

Ta miƙe zumbur har takardar ta faɗi. "Ba su hau ba! Baban yara, ba su hau ba! Waɗanda ba sa zuwa asibitin ma, saukowa ce ta gagare su!"

"To ki yi a hankali, Hajiyar kilo, kin taka min sukurun rediyo."

Washegari ta tari Likitar tun a bakin ƙofa, tana magana tana haki. Likitar ta saurara, idanunta suna ƙara buɗewa. Da Inna ta ce za ta je ta rubuto duk marasa lafiyar da ta sani, sai Likitar ta girgiza kai.

"A'a, Inna. In kika bi waɗanda kika sani kawai, za a ce kin tsinto masu ciwo ne. Kowace ƙofa za ki ƙwanƙwasa, daga hawa na uku zuwa na biyar, mai lafiya da marar lafiya. Kada ki rubuta suna, lambar ƙofa ta isa. Wanda ya ce ba ya so, ki ƙyale shi, amma ki rubuta cewa ya ƙi."

"Ƙofa ɗari da tamanin ke nan."

"Da waɗannan gwiwoyin naki?"

"Su da suka goya ki zuwa ɗakin allura kina tsala ihu? Bar su, sun san aiki."

Haka ta fara. Kullum in an tashi daga asibiti sai ta rataya na'urar auna jini a kafaɗa, ta ɗauki littafi mai bangon shuɗi, ta kama matakala. Ƙofa goma sha biyar a rana. Tambayoyin fom ɗin ƙidaya ta yi amfani da su: shekaru, ciwon da ke damun mutum, barci, cin abinci, da wanda yake hira da shi. A ƙarshe ta ƙara tata guda ɗaya, wadda babu ita a fom: yaushe rabonka da taka ƙasa?

A rana ta huɗu ta isa ƙofar Baba Tela. Yana zaune kusa da keken ɗinkinsa da aka lulluɓe da zane, ƙafar a kan matashi.

"Wa nake gani haka? Ke ce kike haki kamar tsohon injin niƙa?"

"Ni ce, Baba. Miƙo hannu. An ce kun fi kowa lafiya a garin nan."

"Wa ya ce? A turo min shi nan, in ya iya hawowa."

Jininsa ya hau sosai. Rabonsa da ƙasa wata bakwai. Amma bakinsa ras, barcinsa lafiya, don kullum jikokinsa suna cika masa ɗaki da surutu. A ƙofar da ke kallon tasa ne Inna ta sha mamaki. Tsohuwar malamar makaranta ce a ciki, tsaf da ita, jininta daidai kamar na budurwa, babu inda ke mata ciwo. Da aka zo tambayar hira sai ta hau lissafi da yatsu.

"Yau kwana tara. Mai kawo min gas ne, ya ce in sa hannu."

"Barci fa, Malama?"

"Yana zuwa ya leƙo ya koma."

Inna ta rubuta, ta daɗe tana kallon layin. Da na'ura kaɗai ta zo, da ta sa matar nan a sahun masu lafiya ta wuce. Kafin ta sauka sai ta buɗe ƙofofin biyu ta bar su a buɗe.

"Baba, ga Malama nan ta ce ɗinkinka na da ma karkatacce ne."

"Ni? Wace Malamar? Ta fito ta faɗa a gabana!"

Tana hawa na uku tana jiyo su suna musu, har da dariya.

Gwiwoyin sun kumbura a rana ta takwas. Maigidan ya dafa ruwa ya gasa mata su yana mita, wai shi a zamaninsa mota in ta fara irin wannan ƙara gareji ake kai ta. Da safe shi ne ya nemo mata sanda. A rana ta goma sha biyu ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙarshe, ta zauna a kan matakala ta yi ta dariya ita kaɗai.

Jami'in ƙididdigar ya zo ranar da aka sa, mutum mai tabarau da sanyin murya, da kwamfutarsa a jaka. Ya juya littafin shuɗin nan a hannu.

"Inna, wannan ai littafin 'yan makaranta ne. Ta yaya kika zaɓi gidajen?"

"Ban zaɓa ba, ɗana. Duka na bi."

"Waɗanda ba su buɗe ba fa?"

"Tara ne. Na koma sau biyu. Uku kuma sun ce ba sa so, ga su nan na sa musu alama."

Ya gyara zama. Likitar ta karanto abin da suka tattara: a cikin waɗanda suka amsa akwai tsofaffi casa'in da huɗu. Hamsin da takwas jininsu ya hau, rabinsu ba su ma sani ba. Arba'in da ɗaya sun fi wata guda ba su taka ƙasa ba. Goma sha bakwai sun yi mako ba su yi hira da kowa ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Inna, "buɗe naka ka duba lambar ƙofofin. Ka ga ko akwai wadda ta fara da uku."

Ya buɗe kwamfutar. Ya gangara da jerin, ya sake haurawa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Duk lambobin da ɗaya suka fara ko da biyu.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Sai kuma ya ɗaga murya. "Ashe ba nan kaɗai ba ne! Duk unguwar da ke da dogayen benaye haka muka yi mata! Inna, kin san abin da kika tono kuwa?"

"Na san ƙafar Baba Tela. Taso mu je ka gan ta."

Ya bi ta. A hawa na uku ya daina magana, a na huɗu ya riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu. Da suka isa na biyar ƙofofin nan biyu a buɗe suke, Malama tana zaune a ɗakin Baba Tela tana zura masa zare a allura.

"Baba, ga wanda ya ce kun fi kowa lafiya."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne? Ba shi kujera, Malama, kada ya riga ni tafiya lahira. Inna, auna shi, shi ma a sa shi a littafin."

Jami'in ya miƙa hannu yana dariya yana haki. A nan kan teburin yankan yadi, bayan ya ga ƙafar, ya rubuta cewa a dakatar da ɗauke nas ɗin, a sake ƙidayar, kuma a riƙa ɗibar ƙofofi daga kowane hawa. Ya nemi izinin Inna ya kwafi tambayarta ta ƙarshe a cikin sabon fom.

"Ɗauki, kyauta ce. Amma ka ce wa masu ƙidayarka su fara daga sama, tun da sauran ƙarfinsu."

Ranar Talata Inna tana ɗakin awo, ƙafafunta a kan benci, an naɗe gwiwoyin da bandeji. Ta taga ta hango nas ɗin da jakarta ta nufi benen Baba Tela. Ta bi ta da kallo har ta shige, sannan ta juyo ga matar da ke kan layi.

"Kawo shi nan, 'yata. Cire masa takalmin, ni ba na auna takalmi."