Hannun Telan Da Na Ƙaryata

A shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai, ni malamin elementare ne a cikin garin Bauchi, mai farin wando da alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Na yi karatu daidai wanda zai sa mutum ya raina jama'a, ban kai ga wanda zai sa ya kama bakinsa ba. A unguwarmu akwai wani tela da ba ma ga maciji da juna. Duk sanda na gifta rumfarsa sai ya tsayar da keke, ya ce wa abokan hirarsa su gyara ga Bature nan tafe, rana ce kawai ta ƙona shi. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Da zaɓe ya matso, samarin jam'iyyu suka kaure a bakin kasuwa, ƙanena ya sauke wa telan gora a kai, ɓangaren hagu, saman kunne. Da ya farfaɗo, hannunsa na dama ya ƙi motsi, harshensa ya yi nauyi. Danginsa suka kai kuka zauren mai unguwa. In ta tabbata gorar ce ta kashe hannun, magana sai gaban alƙali, ƙanena kuwa sai gidan yari. Mahaifinmu ya dube ni ya ce to, yau ga ranar boko.

Na je da rigata ta sha guga. Na tambayi dattawa inda aka buge shi, suka ce hagu. Na tambayi hannun da ya mutu, suka ce dama. Na ce ashe gorar ƙanena matafiyiya ce, kuma ina son a nuna mini wanda ya taɓa taka ƙaya da ƙafar hagu ya ɗingisa da ta dama. Zaure ya ɗauki dariya. Ban tsaya nan ba, na zare allurar da ke maƙale a hular telan na soka masa a bayan hannu. Ya yi ƙara. Na ce mataccen hannu bai san allura ba. Ya buɗe baki zai kare kansa, kalmomin suka sarƙe, na ce yau bakin da ya saba yanka mutane ya rasa almakashi. Aka kashe maganar, shi kuma ya fita da sunan maƙaryaci. Aka zuba ido a ga ranar da zai gaji ya koma kan keke. Bai koma ba.

Bayan an sami 'yanci aka tara malamai kwas na kiwon lafiya. Mai koyarwar wani malamin asibiti ne, Kirista daga kudancin lardi, wanda Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba, ni kuwa ina baya ina lissafa kurakuransa. Ya zana ƙwaƙwalwa a allo, ya ja laka ta bi cikin ƙashin baya, ya fitar da jijiyoyi zuwa gaɓoɓi kamar wayoyin tangarahu. Ya ce waɗansu daga sama suke kai umarnin motsi, waɗansu daga fata suke kawo labarin zafi da sanyi, kowanne da hanyarsa, don haka hannu yana iya jin allura ya kasa ɗaukar ta. Ya ƙara da cewa a wajen ƙeya wayoyin suke gittawa, hagun ƙwaƙwalwa ke mulkin daman jiki, a can ma yawancin mutane ke ajiye magana. Na miƙe na yi gardama, don hali zanen dutse ne. Ya dube ni ya ce Malam ya zo asibiti gobe ya ƙirga masu irin wannan ciwo da idonsa. Ban je ba. Na riga na san guda.

Na sami telan a ƙofar gidansa yana tallan goro da hagu. Bakinsa ya dawo, da kaifinsa. Na yi bayanin laka da jijiya tiryan-tiryan, ya bar ni na gama, sannan ya tambaya ko sai da aka zana mini a allo na yarda da abin da shi yake kwana da shi. Na miƙa hannu neman gafara. Ya nuna nasa da haɓa, yana kwance a cinyarsa ya tsotse, ya ce ai ni na shaida wa duniya lafiyarsa lau, sai in umarce shi ya tashi mu gaisa.

Na koma zauren mai unguwa na janye maganata a gaban mutum huɗu. Ranar da na ƙaryata shi kuwa, zauren bai ɗauke mu ba don yawa. Har ya rasu bai sake amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Masu karatu, musamman masu alƙalami a aljihu, jikin mutum ba ya bin abin da ya yi muku daidai a ka. In marar lafiya ya ce ga abin da yake ji, ku kai shi wurin wanda ya sani, ku ajiye iya maganarku. Ni na ci gardama sau ɗaya, shekara da shekaru ke nan ina neman wanda zai karɓe ta.