Ramin da Muka Gina a Bisa Ƙasa

Jiya 'yata ta miƙo mini wayarta, wai in ga yadda mutanen wani tsibiri da ake kira Hawai suke shirya walima. Sun haƙa rami, sun zafafa duwatsu, sun lulluɓe nama da ganyen ayaba sun binne. Nasu naman ba irin wanda muke ci ba ne, amma ina ganin hayaƙi yana fitowa ta ƙasa sai na tuntsire da dariya. Hancina ya riga ya koma unguwar Kurayyat a Jidda, gidan kakana.

Alhaji, kakan nawa, tsire yake sayarwa, wanda mutanen Jidda ke kira siriya. Yana da wani aboki ɗan Yaman mai gasa rago a rami, kullum yana tsokanarsa wai Bahaushe bai san wuta ba sai da tsinke. Da aka haifi ƙanena, Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ragon sunan jikansa a rami za a gasa shi, kuma da hannunsa. Kowa ya ji. Kun san magana zarar bunu ce.

Shiri ya kankama cikin zafin nan na Jidda mai manna riga da baya. Hajiya, kakata, ta ja gwaggonnina zuwa kasuwar Balad sayen shinkafa da kayan ƙamshi, gida ya cika da ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami. Ni kuwa ina biye da Alhaji, don ni ce "amaryarsa", ni ke riƙe masa buta. Ana gobe suna ya haƙa raminsa a tsakar gida, ya tsaya a bakinsa yana shafa gemu kamar wanda ya gina bene.

Abin da ya manta shi ne nan ba garinsu ba ne. Can inda ya baro yana yaro, sai mai haƙar rijiya ya galabaita kafin ya ga laima. A unguwarmu kuwa teku tana kwance ƙarƙashin ƙafarka. Da safe, an riga an yanka rago an raɗa suna, muka leƙa rami muka tarar da ruwan gishiri har gwiwa. Na tsoma yatsa na lasa, Hajiya ta make mini hannu.

Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan, Baba, mu kai wa abokinka ya gasa. Wa zai sani?"

"Gara in ci shi ɗanye," in ji Alhaji.

Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ban taɓa ganin tsohon nan ya rasa abin yi ba, sai tausayinsa ya kama ni. Baƙi kuma bayan azahar za su iso.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Alhaji, tunda ƙasa ta ƙi karɓar raminka, a kawo wa ramin ƙasa mana. Yalla, maza ku sauko da duron ƙarfen nan da ke kan rufi."

Aka girke duron ƙarfe a tsakar gida. Mu yara muka yi ta jido yashi a kwano da gwangwani, ana tara shi kewaye da duron har ya nutse, sai bakinsa kawai. Aka kunna itace a ciki ya zama garwashi, aka zura tukunyar shinkafa ciki, rago a samanta. Aka rufe da murfi da jiƙaƙƙen buhu, aka bi da yashi.

Da aka buɗe, naman da kansa yake zamewa daga ƙashi. Abokin nan ya ci, ya ƙara, ya zagaya tulin yashin yana girgiza kai.

"Ya Hajji, wannan ai tudu ne, ba rami ba!"

"Ka ci ko ba ka ci ba?" in ji Alhaji.

Yau Alhaji da Hajiya da abokin nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Muna zaune a hawa na uku a unguwar Aziziyya, in ana hidima waya ake bugawa a kawo rago a faranti. 'Yata, wadda ke jin Hausa amma ta fi son amsawa da Larabci, ta ce tana son a yi mata irin wannan a walimar saukarta. Sai ta dubi tayil ɗin falo.

"Ummi, to a ina za mu haƙa?"

Na ce ta kira mini kawu. Duron yana nan a wurinsa, rufin benenmu kuma fili ne. Yashin, ita da ƙawayenta za su hau da shi.