Ranar da Na Kafa Hujja da Kaina

Akwai abin da ya faru da ni ina aji uku a jami'a wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so. Shekaru sun wuce, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni mutum ne da magana ke yi wa wuya. In zan gaishe da mutum biyar, tun daga gida nake shirya gaisuwar. Amma a ba ni takarda da kwamfuta, nan fa ba a iya mini. A ƙungiyar marubuta ta ɗalibai ni ne mai tantance rubuce-rubuce kafin su shiga mujallarmu. Ina da shafukan intanet da nake ji da su: ƙamus guda biyu, wani rumbu da aka zuba hotunan tsofaffin littattafai da jaridu, manhajar da ke jera wa mutum madogara tsaf, sai kuma babban kundin bayanan nan wanda kowa ke iya shiga ya ƙara ko ya gyara. Dokata ɗaya ce: magana ba ta shiga mujalla sai na gan ta a wuri uku. Jan birona ya sa mutane da dama sun rage fara'a da ni.

A shekarar aka ce maƙalata ce za ta buɗe mujallar. Karo na farko ke nan da sunana zai fito a saman shafi, kuma na riga na faɗa a gida. Na zaɓi in yi rubutu a kan jar fatar Sakkwato. Daga gidanmu a Tudun Wada zuwa wurin majema ba wata tafiya ba ce, ɗan kabu-kabu zai kai ka yanzu. Amma zuwa can na nufin in yi sallama, in gabatar da kaina, in yi wa dattawa tambayoyi suna kallona. Sai na tare a laburare mako biyu, ina jimar fata a kan kwamfuta.

A nan na ci karo da bayanin cewa da zoɓo ake rina fatar ta yi ja. Na gan shi a babban kundin, na gan shi a shafin wasu masu tallar jakunkuna, na kuma gan shi a rubutun wani mai yawon buɗe ido. Uku cif. Maganar ta kwanta mini ƙwarai, kamar dama can na san ta.

Ranar Alhamis da la'asar aka taru a wani aji don karanta maƙalun kafin a kai wurin bugu, Malama uwar ƙungiya tana zaune a gaba. Na fara karanta tawa. Ina zuwa wurin zoɓo, wani abokin karatunmu, wanda kowa ya san gidansu majema ne, ya ɗaga hannu.

“Malam mai jan biro, mi kac ce? Zoɓo?”

“Zoɓo,” na ce, idona a kan takarda.

“Wallahi cikin warin jima anka haife ni. Zoɓo dai mun san shi cikin kofi, da ƙanƙara. Fata karan dafi take so.”

Da mai hankali ne ni, da nan na ce zan sake dubawa. Amma mutumin da bai cika magana ba, ranar da ya ga yana da gaskiya, tsayar da shi sai Allah.

“Madogarata uku,” na ce. “Kai ina taka?”

“Tsohona.”

“Tsoho ba ya shiga jerin madogara.”

Allah ya yafe mini wannan maganar. Ajin ya ɗau “kai!”, ni kuwa har wani daɗi na ji.

Sai Malama ta karɓi kwamfutata ta haɗa da majigi, shafin ya fito a bango. Ta fara nuna mana cewa masu jakunkuna da mai yawon buɗe ido duk daga kundin suka kwasa, kalma da kalma. Ukuna suka koma ɗaya. Sannan ta danna wani wuri da ban taɓa damuwa da shi ba, inda ake ganin tarihin gyaran shafi: wa ya ƙara me, kuma yaushe. Ta yi ta gangarawa har ta iso layin zoɓo. Wanda ya ƙara shi ya sa wa kansa suna “Alƙalamin Tudun Wada”.

A take na tuna hutun da muka gama sakandare, lokacin da yayana ya bar mini tsohuwar wayarsa, na raɗa wa kaina wannan suna na shiga raba wa duniya ilimi. Zoɓo ya taɓa zube mini a farar riga ya ƙi fita, shi ke nan na yanke hukuncin cewa da shi ake rinin fata, na rubuta, na manta.

“Ko wane ne wannan, Allah ya shirye shi,” in ji Malama.

“Amin,” in ji ɗan majema. Ya juyo gare ni. “Ɗan unguwarku ne hwa. Ka nemo muna shi, mu ba shi zoɓo ya rina muna akuya guda.”

Babu wanda ya san ni ne. Da na yi shiru, da na tsira da rabin mutuncina. Amma ni da ban taɓa barin madogara babu sunan mai ita ba, sai na kasa haƙura.

“Ni ne,” na ce.

“Ɗaga murya, ɗana, ba mu ji ba.”

Sai da na faɗa sau uku. Dariyar da aka yi ran nan, har 'yan ajin da ke kusa suka leƙo. Malama kanta ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na motsi.

Aka cire maƙalar daga wannan fitowa. Malama ta ce in dawo da ita in na je na ga fata da idona. Wanda na yi wa rashin kunyar shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa ranar Asabar. Mahaifinsa na tsugune gaban kwatarniya, hannunsa ja har gwiwa, ya ɗago ya dube ni.

“Kai ne na zoɓon?”

“Ni ne, Baba.”

“To zauna, ka gani da idonka.”

Ya nuna mini bagaruwar da ake jima da ita, ya damƙa mini karan dafi, jan karan wata irin dawa, a hannu na murza, yatsuna suka yi ja. Abin da na kwashe mako biyu ina nema, kafin azahar na cika rabin littafi da shi. Da na koma gida na shiga kundin na goge zoɓona. Sauran shafukan biyu kuwa ba ni da iko da su, ban san mutum nawa suka kwasa daga can ba.

Har gobe ina amfani da waɗannan shafuka, kuma suna yi mini rana. Sai dai na koyi cewa ganin magana a wuri uku ba ya nufin mutum uku ne suka san ta. A bi ta har inda ta fito, a ga wa ya fara faɗa, da abin da ya sani. In kuwa mai sana'ar yana raye a garinku, ka daure wa kunya ka je ka yi sallama.