Daron Gero a Bakin Tafkin Kainji

Ana sallame sallar asuba muka bar Yelwa, ni da direba cikin akori-kura, mahayan dawakin gasa na gabanmu. Wasu daga Shanga suka zo, har da baƙo daga Sakkwato mai son ganin ƙarshen jiharmu na kudu. Gasar ba ta sukuwa ba ce, ta juriya ce: daga Yelwa zuwa Wara, a ga dokin da zai isa da ƙarfinsa. Mu namu ɗaukar abincin dawakin ne, harawa da dusa da kanwa da gishiri.

Wani dattijo daga Shanga, mai baƙin doki akawal, shi ya ɗora buhunan da hannunsa. Ya ce doki mai doguwar tafiya kaɗan-kaɗan yake ci. Sai ya huce a ba shi jiƙaƙƙiyar dusa da kanwa, sannan harawa. Hatsi kuwa sai tsohon hatsi, ba sabo ba, shi ma tafin hannu.

Bayan Birnin Yauri muka bar hanya mai kyau. Ƙarshen damina ne, laka ko'ina. Mahayan suka ratse ta gonaki, mu kuwa muka kafe a wani kwari har gindin mota. Manoma suka zo da fartanya suna tono. Wata mata ta iso da bandar kifi mai arahar da ban taɓa gani a Yelwa ba, kuma in faɗi gaskiya, direbanmu ya fi ba kifin ƙarfi a kan motar.

Sai bayan la'asar muka isa ƙauyen masuntan da aka shirya yada zango. Muka tarar da jama'a cirko-cirko. Da na kutsa, sai ga akawal a ƙasa yana birgima, cikinsa ya kumbura kamar ganga, gumi na tsiyaya. Dokin da na gani da asuba yana rawa da linzami!

Ashe shi ya riga kowa isowa. Maigidan da ya sauke su, masunci ne da bai taɓa kiwon doki ba, ya kai dattijon ɗaki don ya yi wanka da salla. Masuncin ya fito ya ga doki a ɗaure yana haki, motar abinci ba labari. Sai ya ciko daro da sabon geronsa, farkon abin da ya girbe bana, ya ajiye masa. Dokin ya cinye, ya ƙara masa. Dawakin da suka makara ba su samu ba, ciyawar bakin ruwa suka ci, suna nan lafiya lau.

"Wallahi, Baba, girmamawa ce," in ji masuncin. "In bai wa mai shi kifi, in bar dokinai da yunwa?"

Dattijon bai ɗago ba. "Na sani," kawai ya ce.

Aka ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa, aka tayar da shi ana zagayawa da shi. Ya sake zubewa. Washegari da hantsi ya mutu, kansa a kan cinyar mai shi. Babu wanda ya ƙara zancen Wara.

Da za mu juya, masuncin ya zo da ƙunshin kifi, ya kasa haɗa ido da kowa. Na zaci dattijon zai kau da kai. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara arziki, ya hau bayan motarmu rungume da sirdinsa.

Mun shigo Yelwa gab da magariba. Na koyi cewa a irin wannan tafiya ba a raba doki da abincinsa, kuma alheri ma yana bukatar sani. Da na shiga gida Inna ta tambaye ni wa ya ci gasar. Na ce mata babu wanda ya kai Wara, na zauna ina ba ta labarin akawal.