Rigar da Na Ɗinka wa Lasifikar Jirgi

A shekarun da rediyo ya fara shiga gidajen Makka, muna zaune a Tandabawi ni da maigidana. Shi gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago a Jarwal, ni kuwa ina ɗinki a gida da keken hannu.

Wata rana bayan la'asar ya shigo rungume da wani abu cikin buhu, ya ajiye a tabarma a hankali. Da ya kwance sai na ga baƙin abu mai faɗin faifai, tsakiyarsa takarda.

Na ce, "Wannan fa, Malam?"

Ya ce, "Lasifika ce. Wani attajiri mai sayar da shinkafa yana da ɗan jirgin ruwa na shan iska a Jidda, yakan fita da iyalinsa ran Juma'a. Akwai rediyo a ciki, amma ƙarar inji ba ta bari a ji. Yana so in kafa masa wannan a inda ake zama."

"To me ya kawo ta gida?"

"Wurinki ta zo. In ruwan gishiri ya taɓa takardar nan, ta lalace. Kafinta ya yi mata akwati, saura riga a baki, wadda za ta tare feshin ruwa ta kuma bar murya ta fito."

Muka fara gwaji. Na ɗinka da alawayyo ninki biyu, ya jona waya da batir, muryar ta fito kamar mai magana a ƙarƙashin bargo. Na sa shash, yadin nan marar kauri, murya ta fito tas, amma da ya guntsi ruwa ya fesa sai ya wuce ciki. Muka yi ta dariya. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Chadi, ta leƙo ta ga abin da muke yi, ta koma ta kawo ɗan kakin zuma. Na yanka wani tsohon mayafina mai santsi, na goga masa kakin sama-sama, na yi masa 'yar rumfa da tamfol daga sama. Wannan karon ruwa ya gangara ƙasa, murya kuma ba ta shaƙe ba.

Ya tafi Jidda ya kafa. Da ya dawo sai na ga yana ta kewaye-kewaye kafin ya ce mai jirgin ya rantse sai an kawo masa wadda ta yi ɗinkin, a fita da ita ran Juma'a.

Gabana ya faɗi. Ina yarinya muka tsallako daga Sudan cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, an cusa mu kamar kaya. Innata ta kwanta ciwo a hanya, ba ta kai gaɓa ba, a cikin bahar aka yi mata sutura aka sake ta. Tun daga ranar ban sake kallon teku ba.

Maigida ya ce, "In ba za ki iya ba, zan ba shi haƙuri."

Na kwana ina tunani. Da safe na ce zan je, ko don in ga ko ɗinkina ya riƙe.

Jirgin fari ne, da rumfa da kilisai a shimfiɗe. Ga lasifikar nan ɗaure a jikin ginshiƙin rumfar, sanye da mayafina. Inji na tashi na ƙanƙame ginshiƙin rumfar. Matar attajirin, wata dattijuwa Bahijaziya, ta lura da ni. Ta ce, "Ta'ali ya binti," wato "Zo nan, 'yata," ta zaunar da ni kusa da ita, ta tambayi abin da ke damuna. Na gaya mata da ɗan Larabcin da nake da shi a lokacin.

Ta aika wa mijinta cewa a kashe inji. Jirgi ya tsaya cak, sai motsin ruwa. A rediyo wani makaranci ne ke karatun Alƙur'ani, ta ce a ƙara murya. Maigida ya murɗa, karatun ya bazu a kan ruwa. Da aka kai ƙarshe ta ɗaga hannu ta ce a yi wa mahaifiyata Fatiha. Maza da mata duk suka ɗaga, har da matuƙin jirgin.

Na yi kuka sosai. Ban taɓa samun kabarin da zan tsaya a kansa in yi wa Inna addu'a ba, sai ranar.

Bayan nan aka kawo shinkafa da soyayyen kifi, dattijuwar ta yi ta tura mini a gabana har na ci na ƙoshi. A motar dawowa Makka barci na yi ta yi.

Masu jirage biyu ko uku sun nemi maigida daga baya, na kuma ɗinka musu. Dattijuwar kuwa ban sake ganinta ba, na dai ji labarin rasuwarta bayan wasu shekaru. Har yau in na shiga Harami, ina sa ta a addu'a tare da iyayena.