Kofin da ya dahu a shagona ranar uku ga azumi

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ja mini aka ce ba na azumi. Yana tsaye aka faɗa, bai ce uffan ba.

Ni gyaran injin ban-ruwa nake yi a Haɗeja, da janareto in ya samu. A aji biyar na bar makaranta. Shi ya yi jami'a, yana aikin ofis, can ya koyo shan kofi. Ana saura kwana biyu azumi ya shigo shagona da injin dafa kofi a kwali, da wani ɗan allo mai kamar kwalin ashana, ya ce ƙwaƙwalwa ce. Da wani abu kuma wai rile.

"Yaya, haɗa mini za ka yi. In na danna wayar hannuna, ƙwaƙwalwar ta gaya wa rile, rile ya saki wuta, injin ya tashi."

Na ce, "Hannunka ciwo yake? Ga makunni a jikinsa."

Ya yi dariya ya ce ba zan gane ba. Gaskiya ya faɗa. Rile dai na san shi, makunni ne da ƙaramar wuta ke turawa ya saki babba, akwai irinsa a janareto. Na yanke wayar injin, na bi da ita ta cikinsa, na yi soda tsaf, na jona da solar shagona. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kuwa shi ya zuba da kwamfutarsa. Ya bar wata 'yar na'urar intanet tana ƙyafta ido a kan benci.

Ranar biyu ga azumi, bayan shan ruwa, ya zo gwaji. Ya zuba ruwa da garin kofi, ya ajiye kofin tangaran a ƙasan bututun, ya danna waya. Shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya ce sabis ne, kada in taɓa komai, gobe zai dawo.

Washegari gab da azahar manoma uku daga wajen Kirikasamma suka kawo mini famfo, shinkafarsu na neman ƙonewa. Ladanin unguwarmu ma yana zaune a inuwar ƙofa yana jiran lokaci. Ina tsugune kan famfon sai na ji ƙas a bayana. Injin ya fara gurnani. Kafin in miƙe ƙamshi ya cika shagon, kofi na tsiyaya, tururi na tashi.

Babban cikin manoman ya dubi kofin, ya dube ni. "Malam, ko mu ba ka wuri ne?"

Na ce wallahi ban taɓa shi ba. Ladan ya ce, "To wa ya taɓa?" Na nuna masa allon, na ce ƙanena ne daga ofis. Ladan ya ce ofishin da ke bayan tasha? Hannunsa ya kai nan? Manoman suka ɗauki famfonsu ba a gama ba.

Kafin la'asar magana ta zaga. Mai kifin da ke kusa da ni da rana tsaka yake ce mini, "An sha ruwa lafiya?" Matata ma sai da ta tambaye ni, a hankali, ko ulsa ce nake ɓoyewa.

Na kira ƙanena. Ya ce shi bai danna komai da rana ba, dannawar jiya ce ta maƙale, sai yau ta iso. Har gobe ban gane wannan ba. A ina ta kwana? Wuta in ka sake ta ta tafi, ba ta tsayawa hutu a hanya. Ko ya danna ne yana jin kunyar faɗa? Ban sani ba. Na ce ko ma wanne ne, ya zo ya faɗa wa mutane.

Ranar Juma'a muna fitowa masallaci ladan ya tare shi a gabana, ga mutane. "Wai kai ne ka kunna wa yayanka kofi daga ofis?" Ƙanena ya yi murmushi, ya gyara hula, ya duba agogo, ya wuce wajen babur ɗinsa. Aka kwashe da dariya.

Da la'asar na tattara injin da allon da rile a buhun taki na kai masa gida. Ya fito zaure yana cewa, "Haba Yaya, wasa fa suke yi. In na tsaya bayani sai su ce ni ma..."

Na dire buhun a gabansa na ce, "Sai su ce kai ma me? Kalma ɗaya aka nema a bakinka, e, ka kasa. Ni jahili ne, ban san inda dannawarka ta kwana ba, amma na san a bakina azumina yake. Gobe bayan azahar ka tsaya gaban ladan ka faɗi abin da ka faɗa mini a waya. In ba za ka iya ba, da Sallah kada ka tako ƙofata."