Ruwan Shuka Ranar Wasan Ƙarshe

Lokacin da nake koyarwa a wata lakwal ta bayan tashar Konni, ni malamin kwantiragi ne, irin waɗanda albashinsu ke zuwa ranar da ya ga dama. Ɗaki guda na kama a gidan haya, kuma mu biyu muke kwana cikinsa, ni da ɗan kawuna. Shi mutumin wani ƙauye ne kusa da Tajaye. Kowace shekara in an gama ɗaure hatsi an cika rumbu, sai ya sauko Konni cin rani, ya karɓi hayar kura yana tura ruwa gida-gida. Taubashina ne, saboda haka magana mai daɗi ba ta cika haɗa mu ba. Ina kiransa baƙauye, yana kirana mai alli. Amma in ya yi dare bai shigo ba, ba na iya cin tuwo.

Ƙwallo ce kawai ba mu musu a kanta. Ƙungiya ɗaya muke bi, ta wata ƙasar Turai da ko a mafarki ba mu taɓa takawa ba, kuma ta yi shekaru tana ba mu kunya. Ni tun ina ɗan lakwal na kamu da sonta. Shi kuwa a bakina ya tsince ta, sai ya zo ya fi ni zaƙewa. In aka ci mu, washegari masu sayen ruwa ne ke shan ɗacin bakinsa.

Gidan kallon unguwarmu rumfar kwano ce da aka zagaye da zana, da benci jere-jere, da tele babba a kan tebur, da injin wuta yana ƙara a baya. Mai gidan wani mutumin Malbaza ne mai ƙaton ciki, wanda bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan. Kuɗin shiga ba su taka kara sun karya ba ga mai hali. Mu dai ba masu hali ba ne. Ni ina jiran albashin da ba shi da rana, shi kuma duk dalar da ya samu da wurin zuwanta: hatsin da za a ci a tsakiyar damina, maganin gwiwar Kawu, da matarsa da ya baro da ciki. Ga shi wasa kowane mako ne, wani makon ma sau biyu.

A gidan kallon akwai wata al'ada. In an tafi hutun rabin lokaci, wanda muke ce wa mitan, mutane na fita salla ko fitsari ko sayen sigari. Duk mai fita sai mai gidan ya miƙa masa marfin kwalba da aka shafa wa shuɗin fenti, in ya dawo ya nuna shi ya shiga. Ɗan kawuna ne ya ga ƙofa a nan. Ya ce ni in biya in kalli rabin farko, tunda ina tashi lakwal da wuri, shi kuma lokacin yana kan tura ruwa. In an yi mitan in fito in ba shi marfin, ya shiga ya kalli na biyu. Kuɗin mutum ɗaya, mu raba.

Ba mu daɗe muna yi ba mai gidan ya gane. Na zaci zai yi mana terere a gaban jama'a, har na shirya bakina. Sai ya dube mu ya ce, “Ni wurin zama guda nis saida. Ba ruwana da wanda az zamne bisa nai.”

Haka muka ci kakar wasan nan. Ina fitowa da gumi, in ishe shi bakin zana ya jingine kura, ƙafafunsa jiƙe. A tsaye nake zuba masa labarin abin da ya wuce, wa ya ci, wa ya zubar, wa alƙalin wasa ya cuta. Sai ya fizge marfin ya shige. Ni kuma in zauna kan kurar tasa ina sauraron ihu ta bayan zana, ina ƙoƙarin gane ko ihun namu ne ko na abokan gaba. Wallahi wannan zama azaba ne. Na sha yi masa ƙorafi cewa ya cuce ni, duk ƙwallayen kirki a rabinsa ake cin su. Sai ya ce ai malamin lakwal bai san komi ba sai fara abu, gamawa aikin manoma ne.

Labarinsa ma ba abin dogaro ba ne. In ya fito zai ba ni rabi na biyu, da hannu da ƙafa yake bayarwa, har ya taɓa shure wa mai shayi buta. Ƙwallon da aka ci daga kusa da raga, a bakinsa daga tsakiyar fili aka harbo ta. Sai washegari in ji gaskiya a wurin abokan aikina.

Wata rana muna cin garin rogo da ƙuli ya ce mini shi fa bai taɓa ganin yadda ƴan wasa ke shigowa fili ba. An gaya masa a jere suke fitowa, kowa riƙe da hannun yaro, ana kiɗa. Kullum shi a tsakiya yake isko su, sun riga sun yi gumi sun yi datti. Na yi masa dariya na ce baƙauye dai baƙauye ne. Amma maganar ta zauna mini, don ni ma rabona da in ga an busa tashi da idona tun kafin ya sauko.

A ranar muka yanke shawara. Muka sayi asusu na ƙasa a kasuwa, muka ce duk ranar wasa za mu jefa wani abu daga cikin abin da muka yi tsiminsa. Ranar wasan ƙarshe na kaka za mu fasa shi, mu shiga mu biyu, bencin gaba, tun kafin a fara har a tashi, da balangu a takarda da lemo mai sanyi. Ya ce ranar ko gwamna ne ya aiko neman ruwa ba zai tura ba. Burin ke nan gaba ɗaya. Na san ƙarami ne, amma mu a wurinmu ya cika ɗaki.

Kamar ƙungiyar ta ji mu, sai ta shiga cin wasa. Sanyi ya wuce muna sama. Zafi ya shigo, irin zafin Konni da ke sa kwanon rumfa ya riƙa ƙara shi kaɗai, muna nan sama. Aka zo aka ce in mun ci wasan ƙarshe kofi namu ne. Ɗan kawuna ya daina barcin kirki. Ya wanke rigarsa ta salla tun saura kwanaki, ya kai wa mai guga, ya rataye ta a ƙusa yana hana ni taɓawa.

Ranar wasan da hantsi ina zaune ƙofar ɗaki wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce daga ƙauye, ta ce ga Baba. Ina jin muryar Kawu sama-sama, don shi in yana waya ihu yake yi kamar mai kiran wani a gona. An yi ruwa a daren jiya, ruwa mai yawa. Ya tona ƙasa da hannunsa ya ishe sanyi ya nutsa. Mutane duk sun fita da sungumi.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba zai ga kamar abin wasa ne. A wurinmu in ruwan shuka ya sauka, ɗan cin rani ba ya gama abin da ke hannunsa. Mai dako na ajiye kaya, mai shayi na kashe wuta, tasha ta cika kafin azahar. Ƙasar can yashi ce, danshinta ba ya jiran kowa, kuma gidan da ya makara da shuka shi ake nunawa da baki har kaka. Kawu gwiwa ta ci shi, ba ya iya saran rami. Ɗa namiji guda gare shi.

Duk na san wannan, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya bari a yi wasan, gobe da asuba ni da kaina zan raka shi tasha. Na ce ruwan farko ne, wa ya san ko na gaskiya ne.

Yana tura kayansa cikin buhu ya ce, “Kai mai alli, Baba na yak kira ni. Mi kaka so in ce mai? In ce shi dakata, ina kallon balo?”

“Ka ce mai babu mota.”

“Tasha cike da motoci in ce babu mota? Kowa na garinmu shina isa yau, sai ni?”

Ya ɗauko asusun ya buga da ƙasa. Muka tsince abin da ke ciki. Na tura masa duka na ce ya ƙara a kuɗin mota. Ya ware kuɗin shiga gidan kallo da na nama ya ajiye mini kan tabarma, ya ce in kalla da kyau, in riƙe masa komi tun daga shigowarsu, kada in yi masa rowar labari irin ta malaman lakwal. Na raka shi tasha ina fushi, ya shiga motar Illela mai bi ta Tajaye an matse shi a baya tsakanin buhuna. Da motar ta tashi ya leƙo ya ce, “Baɗi in Allah ya kai mu!”

Na shiga gidan kallo ni kaɗai. Na ga sun fito a jere, kowa da yaro a hannu, kamar yadda aka gaya masa. Muka ci wasan. Rumfa ta kusa tashi, wani ɗan kabu-kabu da ban sani ba ya rungume ni yana kuka. Aka ɗaga kofi. Naman nan ban iya ci ba, na miƙa wa na kusa da ni. Na yi ta kiran wayarsa ba ta shiga, don gonarsu a kwari take. Sai bayan kwana biyu na same shi, muryarsa a gajiye. Na fara ba shi labari kuɗin wayata suka ƙare a tsakiya. Abin da ya samu ji shi ne mun ci.

Ruwan nan kuwa bai dawo ba. Hatsi ya tsiro ya yi kore, rana ta bi shi ta ƙone. Sai da aka sake shuka da irin aro, damina ta zo a makare ta tafi da wuri. Abin da suka girbe bai kai su ko'ina ba, ga jariri an samu. A shekarar kasuwar Konni ma ta yi sanyi, tura ruwa ba zai rufe ramin ba. Ya kira ni ya ce bana ba zai sauko ba, arewa za shi, wurin haƙar zinariya can bayan Agadas, tare da samarin garinsu. Na ce masa baƙauye me ya sani da zinariya. Ya ce in ya dawo shi zai saya mini tele, in daina zama bakin zana kamar maraya.

Kafin zafi ya shigo aka aiko cewa rami ya rufta da su. Can aka binne shi.

Na tafi ƙauyen gaisuwa. Gaskiya da haushin Kawu na hau mota, haushin da na riƙe tun ranar wasan, ko da yake na san ba shi ya tura ƙasar ramin ba. Na ishe shi zaune a zaure kan buzu, ya rame, ƙafar nan miƙe. Na yi masa gaisuwa na koma gefe. Sai da masu gaisuwa suka ragu ya yafuto ni da hannu.

“Ɗana, matso. Ranar da nis sa anka kira shi, ashe akwai abin da kuka jira ku gani?”

Na ce, “Wasa na kawai, Kawu.”

“Bai hwaɗa min ba. Yaz zo da marece, ko hura bai sha ba yaɗ ɗauki sungumi. Matatai ta ag gaya min, bayan ya tahi arewa. Ta ce dut rani shina tara kuɗɗi saboda abin ga.”

Na ce haka ne.

Ya shiga murza gwiwarsa. Kawu bai taɓa ganin ƙwallo a tele ba, ban ma tabbata ya san mutum nawa ke buga ta ba. Can ya ce, “Shi wasan ga, kwana nawa aka yi ana yin shi?”

“Ba kwana aka yi ba, Kawu. Daga la'asar zuwa magariba na.”

“La'asar zuwa magariba,” ya maimaita. Ya dube ni kamar yana jiran in ce na yi kuskure. “Ni na zaci abin kwanakki na. Da wani ya gaya min hakanan na, ai da na bar yaron ya kwana.”

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Haushin da na zo da shi na neme shi na rasa. Na matsa na riƙe masa ƙafar mai ciwo, muka yi ta kuka mu biyu har aka kira salla.